Kurmi Na Bakin Ƙofarmu, Labarinsa Na Hannun Baƙi

Kwanakin baya mun je gaishe da wani dattijo mai sayar da goro a Aboabo, nan cikin Kumasi, sai muka tarar yana yi wa jikansa faɗa. Laifin yaron, wanda bai wuce shekara 14 ba, shi ne an bar masa jiran rumfa, shi kuwa ya laɓe bayan huhunan goro da wani littafin Turanci da ya aro a makaranta, har masu saye biyu suka yi sallama suka gaji suka wuce bai ji su ba. Da ƙura ta lafa muka karɓi littafin muka duba, sai muka ga labarin wasu yara ne da suka ɓace cikin kurmin Amazon da ke Kudancin Amurka, suna ta gamuwa da macizai da abubuwan al'ajabi.

Alhaji ya ce da mu: "Malam, ku da kuke magana a rediyo, ku gaya wa yaran nan su daina ɓata lokaci da tatsuniyar Turawa." Muka ce to, Baba, mun ji. Amma kafin mu tashi sai muka tambayi yaron ko ya taɓa shiga kurmin Bobiri, wanda tafiyarsa ba ta wuce kimanin awa guda a mota daga inda yake zaune ba. Ya ce bai ma taɓa jin sunansa ba. Muka sake tambayarsa, goron nan da ya jingina da shi, daga ina yake fitowa? Ya ce daga mota ake sauke shi. Kowa ya yi dariya, har da kakan nasa, amma mu tun daga ranar wannan amsa take damun mu.

Abin da muke son faɗa wa 'yan uwa 'yan kasuwa, na nan Kejetiya da na Paga da Bawku da Aflawo da Sinkasi, har zuwa Malanbil da Gaya da Illela da Jibiya, shi ne yaron nan bai yi laifi ba da ya so labarin kurmi. Laifin yana wuyanmu mu manya, da muka bari ya je neman labarin a bakin baƙi alhali mu ne muka gaji wanda ya fi shi daɗi. Muna ganin lokaci ya yi da za a rubuta wa matasanmu littattafan jarumtaka da al'ajabi da Hausa, waɗanda za su gudana cikin wannan kurmi na ƙasar Tonawa da kan tsohuwar hanyar goro, kuma babu wanda ya fi 'yan kasuwa cancantar ya ɗauki nauyin wannan aiki.

Ga wanda bai san irin littattafan da muke nufi ba, labarai ne na ƙirƙira da ake rubutawa domin 'yan shekara 12 zuwa 18. Yawanci jarumin ciki yaro ne ko yarinya tsarar mai karatu, wata larura ta kai shi cikin daji mai duhu inda babu uwa babu uba, ya gamu da namun dawa da dodanni da masu sihiri, ya sha wuya, ya koyi haƙuri da dabara, sannan ya dawo gida ya zama mutum. Turawa sun daɗe suna wannan sana'a. Tun 1912 Edgar Rice Burroughs ɗan Amurka ya fito da labarin Tarzan, wanda ya ce a kurmin Afirka ya girma, alhali shi marubucin bai taɓa taka ƙasar Afirka ba har ya mutu. A 2002 Isabel Allende, marubuciya 'yar ƙasar Chile, ta fitar da City of the Beasts a kan kurmin Amazon, daga baya ta biyo shi da wani da ta kai jarumanta cikin kurmin tsakiyar Afirka. Yaran da ba su samu littafi ba kuwa sun ga fim ɗin Jumanji a waya.

To mene ne aibin wannan? Aibin shi ne a mafi yawan tsofaffin labaran, musamman irin na Tarzan, baƙo ne jarumi, baƙar fata kuwa ko ɗan dako ne, ko matsoraci, ko mugun da ake gudu. Yaron da ya tashi da wannan karatu zai girma yana jin cewa abin mamaki a ƙasar wasu yake faruwa, kuma wasu ne suke da zuciyar tunkararsa. Masu iya magana sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Maƙwabtanmu Yarabawa sun gane wannan tun da wuri. A 1938 wani malamin makaranta, D.O. Fagunwa, ya rubuta Ogboju Ode Ninu Igbo Irunmale da harshen Yarbanci, labarin wani maharbi mai suna Akara-ogun da ya shiga kurmin aljanu. Littafin ya shiga makarantu ya shiga gidaje, har Wole Soyinka ya fassara shi zuwa Turanci a 1968. Amos Tutuola na Abekuta ya bi sawunsa da Turancinsa na kan hanya a 1952 da 1954, aka karanta shi har Ingila da Amurka. A 2005 kuma Nnedi Okorafor, 'yar asalin ƙabilar Ibo da aka haifa a Amurka, ta fitar da Zahrah the Windseeker, labarin wata yarinya da ta shiga haramtaccen kurmi neman maganin da zai ceci abokinta da maciji ya sara. Wannan littafi ya ci kyautar adabi ta Wole Soyinka a 2008. Nan gida Gana ma, Meshack Asare ya ci kyautar Noma a 1982 da The Brassman's Secret, littafin yara da ya gina a kan maƙeran tagulla na Tonawa.

Mu Hausawa ba baƙin wannan fage ba ne. A gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933 ƙarƙashin Rupert East aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, dukansu labaran tafiya ne da gamuwa da aljanu. Shi Alhaji Imam na cikin Ruwan Bagaja, ruwan magani ya fita nema domin ɗan sarki, kusan irin larurar da ta kai Zahrah cikin kurmi bayan shekara 70. A 1951 Ahmadu Ingawa ya kawo Iliya Ɗan Maiƙarfi. A zamanin adabin kasuwar Kano kuma, ban da littattafan soyayya da suka cika kasuwa tun wajen 1990, an samu marubuta littattafan yaƙi irin su Abdul'aziz Sani Madakin Gini, waɗanda samari suke rububinsu. Sai dai duk wanda ya karanta irin waɗannan zai ga yawancinsu a biranen da suka yi kama da na Larabawa da Farisa suke gudana, ko cikin sahara, ko ƙasar da babu ita a taswira. Mun zaga rumfunan littattafai a Zangon Kumasi, ba mu ga ko ɗaya da Hausa wanda jaruminsa ɗan Zango ne, dajinsa kuma kurmin da ke bayan gidanmu ba.

Abin ban haushi, kayan haɗin labarin duk suna nan a ajiye. Mu fara da tarihin da ya kawo kakanninmu wannan ƙasa. Goron da Kano da Sakkwato da Barno suka fi so a kurmin Tonawa yake fitowa, domin itacen goro yana son inuwa da ruwan sama mai yawa, ba ya yi a ƙasar Hausa. Saboda haka fatake, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, suka riƙa haɗa ayari na ɗaruruwan mutane da jakuna, madugu yana shugabanci, jagaba yana gaba, su ɗauko kanwa da tufafi da kayan fata, su ƙetare Kwara, su ratsa ƙasar Bargu inda 'yan fashi ke tare hanya, su bi ta Jugu da Sansanin Mango da Yandi, su sauka Salaga ta ƙasar Gwanja bayan tafiyar watanni. Duk inda suka yada zango aka kafa unguwa, shi ya sa har yau sunan unguwanninmu Zango.

Ga kuma wurin da ya kamata marubuci ya buɗe kunne. A mafi yawan ƙarni na 19 sarakunan Tonawa ba sa barin fataken arewa su wuce su shiga kurmin da goron yake. A kasuwannin bakin iyaka irin su Salaga ake tsayar da su, 'yan ƙasa su ɗauko goron a ka su kawo musu. Ko da an bar su ma, ƙudan tsando yana kashe jaki da doki a cikin kurmi. Ke nan bafatake zai shekara 30 yana cin abinci da goro bai taɓa ganin itacensa ba, sai dai labarin da yake ji na daji mai duhu da rana tsaka, wanda itatuwansa suka fi kowace hasumiya tsawo. Haramtaccen kurmin da marubutan waje suke wahalar ƙirƙirowa, mu a tarihinmu yake. A ce yau wani ya rubuta labarin ɗan madugu mai shekara 15 da mahaifinsa ya kwanta ciwo a Salaga, aka ce maganinsa sai a gindin uwar itatuwan goro, ya saci jiki ya ƙetare iyakar da aka hana, wane yaro ne zai ajiye wannan littafi bai kai ƙarshe ba?

Mutanen da za a yi koyi da rayuwarsu ma ba sai an ƙirƙiro su ba. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, yana saurayi ya biyo hanyar Gwanja har ya iske mahaifiyarsa a Akra, daga baya ya shiga safarar goro ta jirgin ruwa zuwa Ikko, ya rasu a Kano a 1955 yana cikin manyan attajiran Afirka ta Yamma, kuma Aliko Ɗangote tattaɓa-kunnensa ne. Alhaji Umaru, malamin da aka haifa a Kano ya zauna Salaga, yaƙin basasar 1892 ya watsa garin a gabansa, ya koma Kete Karachi ya ci gaba da karantarwa da rubuta waƙoƙi da Larabci da Hausa har ya rasu a 1934. Bayan Turawan Ingila sun ci Kumasi a 1874 kasuwar Salaga ta fara ja da baya, ciniki ya koma Kintampo da Atebubu da Karachi. Bayan sun mamaye garin a 1896, jirgin ƙasa kuma ya iso daga Sekondi a 1903, sai Zangon Kumasi ya cika ya batse. Yara nawa ne a Sabon Zango ko Yalwa ko Alabar suka san wannan?

Ta fuskar al'ajabi kuwa, kurmin nan cike yake da nasa. Tonawa suna ba da labarin Sasabonsam, wani ƙaton dodo mai jan gashi da yake zama a kan rimi ya zuro dogayen ƙafafunsa ƙasa ya ɗauke maharbi. Suna da Mmoatia, 'yan gajerun halittu masu ƙafa a juye, waɗanda da fito suke magana, kuma aka ce su suke koya wa masu magani sirrin ganyaye. Suna da Ananse, wanda ɗan uwan Gizonmu ne na jini, wayonsu ɗaya, haɗamarsu ɗaya. Baturen nan R.S. Rattray da ya tattara tatsuniyoyin Tonawa a 1930, shi ne tun a 1913 ya buga tatsuniyoyin Hausa da wani Malam Shaihu ya rubuta masa da ajami a nan ƙasar. Ashe tun fiye da shekara 100 Gizo da Ananse suke kwana a gari ɗaya, ba a dai samu wanda ya haɗa su cikin littafi ɗaya ba. Ga tafkin Bosomtwe, wanda masana suka ce wani dutse ne ya faɗo daga sama ya haƙa raminsa kimanin shekara miliyan ɗaya da suka wuce, inda masunta suke hawa kan gungumen katako suna tuƙi da hannu. Ga Bobiri mai ɗaruruwan nau'in malam-buɗe-littafi. Ko sunan wannan ƙwaro kaɗai ya isa ya zama ishara gare mu.

Mun san akwai masu ja da wannan magana, kuma ba mu raina hujjarsu ba. Na farko su ne iyaye da malamai da suke cewa labarin dodanni da sihiri ƙarya ce, kuma yana iya taɓa imanin yaro. Tsoron nan yana da tushe, domin akwai littattafai da finafinan da suke ɗaukaka boka su mai da tsafi hanyar cin nasara, kuma mu ma ba za mu ba 'ya'yanmu irinsu ba. Amma a tuna, Abubakar Imam ɗan gidan malamai ne, haka yayansa Bello Kagara, kuma Magana Jari Ce da aka buga a ƙarshen shekarun 1930 cike yake da aljanu da tsuntsaye masu magana, an karantar da shi a makarantu shekara da shekaru, bai fitar da kowa daga addini ba. Yaron da kakarsa ta yi wa tatsuniyar Dodo ya san tatsuniya ce, domin tun daga buɗewarta har zuwa ƙurunƙus an gaya masa. Abin dubawa shi ne me ya fid da jarumi daga halaka. In gaskiya ce da riƙon amana da addu'a da taimakon na ƙasa da shi, to littafin wa'azi ne da yaro zai karanta ba a tilasta masa ba. Kuma in mu muka rubuta, mu ne za mu sa wannan ma'auni. In muka ƙi, yaron ba zai daina karatu ba, na wasu zai karanta da ma'auninsu.

Na biyu su ne masu cewa ɓata lokaci ne, gara yaro ya riƙe littafin jarrabawar BECE ko ya koyi ciniki. Mu dai abin da muka gani a unguwanninmu shi ne, yaron da ya saba zama da littafi awa biyu don daɗi, shi ne wanda takardar jarrabawa ba ta ba shi tsoro. Karatu sabo ne, kamar yadda lissafin kuɗi a ka yake sabo ga ɗan kasuwa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kuma yau abokin hamayyar littafin jarrabawa ba littafin labari ba ne, wayar hannu ce da TikTok da cacar ƙwallo, waɗanda suke cin dare da kuɗin samarinmu.

Na uku za su ce, don me sai da Hausa, tunda da Turanci ake karatu a Gana? Nan ne gizo yake saƙa. Hausa ita ce harshen ciniki daga Kumasi har Yamai, ana jin ta a gidan rediyon ƙasa na GBC, amma ba ta cikin harsunan gida da gwamnati ta ɗauki nauyin koyarwa a makarantu. Sakamakon haka ɗan Zango yana magana da Hausa tun daga safe har dare, amma ka ba shi takarda da Hausa sai ya riƙa in'ina kamar baƙon harshe ne. Kakanninmu sun rubuta ta da ajami, mu mun ɗan tsinci ta boko, jikokinmu kuwa suna neman rasa duka biyun. 'Ya'yanmu masu baiwar rubutu da Turanci suke yi. Mohammed Naseehu Ali, haifaffen Kumasi, ya fitar da The Prophet of Zongo Street a 2005 a Amurka. Ayesha Harruna Attah ta fitar da The Hundred Wells of Salaga a 2018. Muna alfahari da su, sai dai uwar da ke tuyar ƙosai a bakin titi ba za ta iya sauraron ɗanta yana karanta mata su ba. Harshen da ba a karanta shi don nishaɗi, sannu a hankali sai ya koma na cinikin tumatir kawai.

Akwai wani dalilin da ya shafi aljihunku kai tsaye. Kurmin da muke magana a kansa yana ƙarewa a gaban idonmu. Masu haƙar zinariya ta ɓarauniyar hanya, waɗanda ake kira galamse, sun mai da kogunan Pra da Ofin da Birim da Ankobra kamar kunun kanwa. A watan Fabrairun 2025 ministan filaye da albarkatun ƙasa ya shaida wa majalisar dokoki cewa gandun daji 44 daga cikin 288 na ƙasar nan suna fuskantar ɓarnar masu haƙar. Gonakin koko da ake tonewa, a cikinsu itatuwan goro da yawa suke tsaye. Ranar da kurmi ya tafi, huhun goro ya bi shi, kuma wasu daga cikin masu riƙe da shebur a ramukan nan 'ya'yanmu ne na Zango da rashin aiki ya kora can. Ba mu ce littafi zai tsayar da injin haƙa ba. Amma mutum ba ya kishin abin da bai sani ba, kuma yaron da ya yi kuka saboda wata itaciya a cikin labari zai yi tunani sau biyu kafin ya ɗora mata zarto.

Sai dai muna da gargaɗi ga duk wanda zai ɗauki alƙalami. Kada mu yi wa maƙwabtanmu abin da mai Tarzan ya yi mana. Mun san yadda wasunmu suke furta kalmar "mutanen kurmi" da raini. Littafin da zai nuna Batone a matsayin matsafi ko abin tsoro, Bahaushe kuma shi kaɗai ne mai hankali, gara ba a rubuta shi ba. A ba ɗan madugu aboki ko abokiya daga cikin 'yan ƙasa, wanda ya san hanyar daji, shi kuma ya san taurari da karatun allo, kowa ya ceci ɗan uwansa. Haka zamanmu yake a gaskiya, auratayya da ciniki sun haɗa mu. Dattawanmu ba su manta da dokar korar baƙi ta 1969 a zamanin Busiya ba, lokacin da aka loda mutane a motoci aka ce su koma inda suka fito, cikinsu har da waɗanda a nan aka yanke musu cibiya. Yaron da ya san kakanninsa sun fi ƙarni suna shan ruwan wannan ƙasa ba zai sunkuyar da kai ba in an kira shi baƙo. Haka kuma kada a ɓoye cewa a kasuwar Salaga, kusa da goro, an sayar da bayi. Abubakar Tafawa Ɓalewa bai ɓoye bauta ba a Shaihu Umar, kuma hakan bai rage wa littafin daraja ba.

To, ina mafita? Muna kira ga ƙungiyoyin masu goro da masu shanu da masu albasa da direbobin manyan motoci su haɗa hannu su sa gasar rubutu. Gasar Zariya ta 1933 littattafai biyar kacal ta haifar, amma ga shi bayan shekara 90 ana karanta su. Sashen Hausa na BBC ya fara gasar Hikayata a 2016 domin mata marubuta, kuma kowa ya ga yadda ta fito da sababbin hannu. Kuɗin huhun goro kaɗan daga kowace ƙungiya ya isa kyautar na ɗaya da na biyu da na uku, ya kuma buga littafi mai shafi 80 zuwa 100 a takarda mai sauƙin kuɗi, kamar yadda marubutan Kano suka yi da kuɗin aljihunsu ba su jira gwamnati ba. A sa malamin addini da malamin makaranta da dattijo masanin tarihin fatauci cikin alƙalan gasar, domin hankalin iyaye ya kwanta. A bar ƙofa a buɗe ga mata, domin su ne suka riƙe tatsuniya tun asali.

Rarraba littafin kuwa, babu kamfanin da ya kai ku. Motar da ta tashi daga Kumasi da goro tana isa Bawku da Sinkasi da Yamai da Sakkwato. Katan ɗaya na littattafai a bayan direba ba zai ƙara mata nauyi ba, kuma duk rumfar da ake sayar da tazbaha da turare da Ƙawa'idi za ta iya ajiye guda goma. Mu ma'aikatan rediyo namu aikin shi ne mu karanta shi babi-babi da dare, yadda gidajen rediyon Kano suka saba yi da littattafan Hausa, domin wanda bai iya karatu ba shi ma ya samu rabonsa. Asusun Raya Zango da aka kafa da doka a 2017 yana iya sa hannu, shugabannin makarantun Islamiyya kuma su shirya wa ɗalibai ziyara zuwa Bobiri ko Bosomtwe ko gonar goro mafi kusa, ko da sau ɗaya a shekara. Amma kada mu zauna jiran kowa, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Mun koma wurin Alhaji na Aboabo bayan mako guda, muka roƙe shi ya ba jikan nasa labarin yadda kakansa ya zo ƙasar nan. Ya yi shiru, sannan ya fara, tun daga ƙetare Kwara a kwalekwale da jakuna suna iyo a gefe, kamar yadda shi ma aka ba shi. Yaron ya rufe littafin Turancin ya matso. Da aka kira sallar La'asar Alhaji ya miƙe, yaron ya riƙe masa riga yana tambaya, to daga nan sai me ya faru? Alhaji ya haura shekara 80, kuma irinsa ba su da yawa da suka rage a Zango. In ba a rubuta ba, ranar da aka ɗauke su an ɗauke amsar wannan tambaya.

Allah ya ba mu ikon gyarawa, ya shirya mana zuri'a, ya sa albarka a kasuwa. Amin.